Hedfon mai ɗarewa a kan kunne: inda daɗin sauti da ciwon kunne suka haɗu

Idan ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ka bi shagunan Titin Beirut kana neman hedfon marar waya, iri uku za a fito maka da su. Akwai ƙananan da ake cusawa a ramin kunne, waɗanda kowa ke kira iyafis. Akwai manya masu zurfin kofi, waɗanda kunne ke shigewa cikinsu gaba ɗaya, kushin ya zagaye shi ya kwanta a jikin kai. Sai na tsakiya, wanda kushinsa bai kai faɗin da zai haɗiye kunne ba, don haka a kan fatar kunnen yake ɗarewa ya danne ta.

Wannan na tsakiyan ɗalibai da matasa na sonsa, kuma suna da hujja. Ba shi da nauyi, ba ya cika jaka, caji ɗaya na yin kwanaki, kuɗinsa kuma bai kai na manyan ba. Sai dai shi ne aka fi kokawa da shi. Wani ya ce sautin fayau yake, ba kauri ba armashi. Wani ya ce sauti kam ba laifi, amma kafin a yi nisa kunnensa ya yi ja yana zugi. Abin da mai shago ba ya cika faɗa shi ne, koke-koken nan biyu tushensu ɗaya, kuma sau da yawa maganin ɗaya shi ke haifar da ɗayan.

A cikin kowane ɓangare na hedfon akwai ƙaramar lasifika, faɗinta a irin wannan yakan kama daga milimita 30 zuwa 40. Siririyar fata ce ta roba, an manna mata naɗin waya a baya, ga maganaɗisu a kusa. Da wuta ta ratsa naɗin sai fatar ta riƙa kai da komo tana tura iska, wannan motsin iskar shi kunne ke ji. Siririn sauti, irin na sarewa ko kuge, motsinsa gajere ne mai sauri, yana faɗawa ramin kunne ko da akwai kafa a gefe. Sauti mai kauri kuwa, wanda 'yan kasuwa ke kira bes, irin dukan tambari ko babbar ganga, sai an tura iska mai yawa, kuma sai iskar ta rasa ta inda za ta gudu sannan ta danna dodon kunne yadda ya kamata. Masu dafa dambu sun san zancen: in ba a liƙe tsakanin tukunya da madambaci ba, ta gefe tururi zai fice komai wutar da aka hura. 'Yar kafa tsakanin kushin da kunne ta isa ta zubar da rabin kaurin sautin, lasifikar kuwa lafiyarta ƙalau.

Babban hedfon bai cika shan wannan wahalar ba, domin a jikin kai yake liƙewa, wuri mai ɗan faɗi. Na kan kunne kuwa dole ya liƙe a kan guringuntsi mai tudu da kwari, wanda na kowa da irin nasa lanƙwasar, har na dama da na hagu a mutum ɗaya ba su cika zama daidai ba. Kamfani ba shi da wata dabara da ta wuce ya ƙara wa bakan da ya bi ta saman kai ƙarfin matsi, domin kushin ya danne kunnen ya shafe shi. Matsin nan ke kawo bes, shi ke hana hedfon zamewa in ka sunkuya, shi ke rage hayaniyar waje. Shi ne kuma ke matse guringuntsin kunne tsakanin kushin da ƙashin kai, a wurin da babu tsokar da za ta sha nauyin. Zafin ba ya zuwa a mintunan farko. A hankali yake taruwa, shi ya sa gwajin tsaye a bakin shago ke yaudarar mutane.

Mutane kan ɗora laifin a kan nauyi, amma nauyi ba shi ne babban mai laifi ba. Sony WH-CH520 gram 147 ne kacal, Beats Solo 4 kuma gram 217. Akwai manyan hedfon masu rufe kunne da suka kai gram 250 amma ana yini da su a kai, saboda nauyin da matsin sun watsu a wuri mai faɗi. Abin lura shi ne yadda matsi ya dace da girman kanka da taushin soson kushin. Mai babban kai zai sha matsi fiye da mai ƙarami a hedfon iri ɗaya, don haka in abokinka ya yaba maka wani ya ce bai taɓa damunsa ba, gaskiya ya faɗa, amma da kansa ya gwada.

To, a nan Kano akwai abubuwan da masu ƙera kayan nan a Japan ko Amurka ko Sin ba su sa a lissafi ba, kuma a ganina sun fi duk lambobin jikin kwali muhimmanci.

Hula ta farko. Mai sanye da zanna ko wata doguwar hula sai ya zuge bakan hedfon har ƙarshe kafin ya haye ta, in ma ya haye, ya lotsa hular da mai wanki ya sha wahalar tsayarwa. Abin da akasari ake yi shi ne a tura bakan baya wajen ƙeya. Da an yi haka kushin ya karkace, gabansa ya ɗaga, kafa ta buɗe, bes ya tafi. Sai mutum ya zaci jabu aka sayar masa.

Mata kuma nasu ya fi yawa. In an ɗora hedfon a kan hijabi ko ɗankwalin da ya rufe kunne, yadin ya hana kushin liƙewa, kuma ya shanye siririn sautin da ke fito da kalmomi tas, sai a ji abin dishi-dishi. In an sa shi a ƙarƙashin hijabi sauti ya gyaru, amma ga gumi, ga yadi na gogar makirfon in an ɗaga kira. Ɗan kunne mai tsinke a baya kuwa, kushin zai tura tsinken ya riƙa sukan bayan kunne. Wadda ba ta son cire 'yan kunne duk lokacin da za ta saurari wani abu, wannan nau'in ba nata ba ne.

Mai tabarau shi ya fi kowa shan wuya. Hannun tabarau ta bayan kunne yake bi, hedfon kuma ya danno kunnen a kansa, hannun ya nutse tsakanin guringuntsi da ƙashi. Tabarau mai siririn hannun ƙarfe yana da ɗan sauƙi, mai kaurin hannun roba kuwa azaba ce. Ni dai in mai tabarau ya nemi shawarata, kuma zai riƙa daɗewa da abin a kai, babban mai rufe kunne nake nuna masa, ko iyafis.

Sai zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 ko ya haura, hedfon na kan kunne ya fi babban sauƙi, tunda bai kulle kunne cikin kofi ba, iska na ɗan taɓa gefe. Wannan fa'ida ce ta gaske. Amma fatar da aka lulluɓe kushin da ita a mafi yawansu ba ta dabba ba ce, roba ce aka shafa a kan yadi. Ba ta shan gumi, kuma gumi da zafi da man shafawa da turare suna cin ta, har ta fara ɓarewa tana barin baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Soson ciki ma yana lotsewa da daɗewa, kuma da ya lotse sautin ya canza, kunne ya fara taɓa robar da ke gaban lasifika. Hunturu na zuwa ƙura ta shige ragar da ke gaban lasifika. Goge kushin da ɗan tsumma mai laima bayan amfani yana ƙara masa kwana, kuma kafin ka biya kuɗi ka tambaya ko kushin na cirewa ana canza wani. Hedfon da yawa da aka jefar, kushin ne kawai ya mutu.

Akwai dabarar da wasu ke yi wa hedfon mai tsananin matsi: su ɗora shi a kan jerin littattafai da suka ɗan fi faɗin kansu, ya kwana a haka, bakan ya saki. Tana aiki a mai ƙarfe a ciki. Na zallar roba yana iya tsagewa. Kuma duk wanda ya yi, ya sa a ransa cewa bes ɗin da ya burge shi ranar saye zai ragu.

Yanzu batun rashin waya. Bluetooth ba ya iya ɗaukar sauti ɗanye yadda yake. Sautin faifan CD yana cin kilobit (ma'aunin yawan bayanai) 1,411 a kowace daƙiƙa, hanyar Bluetooth kuwa ba ta da wannan faɗin, don haka wayar hannu sai ta matse sautin, ta yar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, ta aika, hedfon ya warware. Tsarin matsewar iri-iri ne. SBC shi ne na kowa da kowa, duk hedfon na Bluetooth na da shi, kuma yakan kai kilobit 328. AAC shi iPhone ke amfani da shi. aptX na kamfanin Qualcomm ne, kilobit 352, ingantaccen samfurinsa aptX HD kuma 576. LDAC na Sony yana kaiwa 990, kuma tun 2017 aka shigar da shi cikin Android 8. Sharaɗin shi ne sai waya da hedfon duka sun san tsari ɗaya, in ba haka ba su koma kan wanda suka haɗu a kai. Mai iPhone da ya ƙara kuɗi don an rubuta LDAC ko aptX a kwali, ya biya kuɗin abin da wayarsa ba za ta taɓa amfani da shi ba.

Mai Android da ke son ganin wanda wayarsa ke amfani da shi, ya shiga saitin bayanin waya ya taɓa lambar ginin manhaja sau bakwai, sashen masu ƙirƙirar manhaja zai buɗe, a ciki ana nuna tsarin da ke aiki. Amma gaskiyar magana, a hedfon na kan kunne mai matsakaicin kuɗi, a cikin Adaidaita Sahu daga Kabuga zuwa Bata, ba kunnen da zai bambanta AAC da LDAC. Bambancin da gyara zaman kushin ke kawowa ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Haka lambar Bluetooth 5.0 ko 5.3 da ake bugawa ɓaro-ɓaro: tana iya taimakawa wajen tsimin batir da ƙarfin haɗi, amma ita kaɗai ba ta ƙara wa sauti daɗi. Rubutun “20Hz–20kHz” kuwa iyakar jin ɗan Adam ce kawai aka kwafa. Na naira kaɗan da na ɗaruruwan dubbai duk haka suke rubutawa, kuma babba da ya manyanta ma ba ya jin can ƙololuwar.

Kafin a zargi hedfon, a duba abin da ake zuba masa. Waƙar da aka ɗauko wajen masu turi, ta bi ta Xender daga waya zuwa waya, asalinta ma daga bidiyo aka tsamo ta, an riga an matse ta tun kafin ta iso. Karatun da aka naɗa da waya daga lasifikar masallaci, da amsa-kuwwar ginin da ƙarar fanka, aka tura ta WhatsApp, hedfon mai kyau sai dai ya ƙara fito da aibinsa.

Abin da ya fi tsarin matsewa tasiri shi ne yadda kamfani ya daidaita sautin, wato wane ɓangare ya ɗaga, wane ya sauke. A kamfanin Harman, uwar JBL da AKG, wanda Samsung ya saya a 2017, wani mai bincike Sean Olive da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna sa mutane saurare ba tare da sun san wane hedfon ne a kansu ba. Abin da suka gano shi ne yawancin mutane sun fi son sauti mai kama da na lasifika mai kyau a cikin ɗaki, da ɗan ƙarin bes daidai wa daida. Masu araha da yawa sun wuce wannan gona da iri. Sun san a hayaniyar kasuwa bes ne ke sayar da kaya, sai su tula shi, kuma tunda ba su iya fito da na can ƙasa mai zurfi ba, sai su kumbura wanda ke dab da muryar mutum. Sakamakon shi ne ganga ta danne mawaƙi.

Wannan ya shafe mu sosai, domin abin da Bakano ke saurare yawancinsa murya ce: karatun Alƙur'ani, tafsiri in azumi ya zo, wa'azi, labaran BBC Hausa, hirarraki, littattafan da ake karantawa a YouTube, saƙon murya. Ko waƙarmu ma baiti ne gaba, kiɗa na biye. Mai bin ƙira'a yana son ya ji bambancin sinun da sadun, ya ji gunna da ƙalƙala, waɗannan kuwa a tsakiya da saman sauti suke zaune, inda kumburarren bes ke binnewa. Kalangu ma, daɗinsa a hawa da saukar muryarsa yake, in aka lulluɓe shi da dum-dum ya zama ganga kawai. Wasu hedfon na zuwa da manhajar da ake rage bes a ƙara tsakiya, wayoyi da yawa ma na da irin wannan saitin. Rage bes ɗin da ya yi yawa abu ne mai sauƙi. Ƙirƙiro tsabtar muryar da lasifikar ba ta da ita shi ne ba ya yiwuwa.

Akwai wata illa da ba a ganinta da wuri. Tunda na kan kunne ba ya toshe hayaniya sosai, mai shi a titin Kano, tsakanin hon da injin Adaidaita da janareton maƙwabta, hannunsa kullum na kan maɓallin ƙara sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙarar desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ta kai desibel 90 lokacin ya dawo awa 4 kacal a mako. Hedfon da aka ƙure yana iya haura 100. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya na cikin haɗarin rasa ji ta wannan hanyar, kuma shawararta ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'ura. Ƙwayoyin jin da ke can cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ya cire hedfon ya ji kunnensa na ƙara shi kaɗai, ko ya ji muryar mutane ta yi nisa, ya riga ya wuce iyaka a wannan ranar.

Wasu na kan kunne, irin JBL Tune 670NC, suna da fasahar kashe hayaniya: makirfon ya ɗauki ƙarar waje, hedfon ya fitar da kishiyarta su kashe juna. Tana aiki a ƙara mai ɗorewa marar canzawa, irin gurnanin janareto ko injin mota a hanyar Kaduna. Hon da ihun kwandasta da surutun mutane kuwa suna ratsawa. Ita ma sai kushin ya liƙe take cika aiki, don haka a wannan nau'in ba ta kai ta manyan ba. Ga mai tafiya a ƙafa a gefen titi ma dai, gara ya riƙa jin abin da ke tahowa ta bayansa. Kafar da ke gefen kushin kuma hanya biyu ce: yadda hayaniya ke shiga haka sautinka ke fita, na kusa da kai a ɗakin karatu na BUK yana jin abin da kake ji.

Da kira ya shigo, ko na layi ko na WhatsApp, Bluetooth yakan sauka daga tsarin kiɗa ya koma na magana, wanda ya fi ƙunci, kunne biyu su koma jin abu ɗaya. Shi ya sa sauti ke dusashewa a lokacin, ba lalacewa hedfon ya yi ba. Akwai kuma jinkiri: sauti yakan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. YouTube da makamantansa suna riƙe hoto don su daidaita, ba a lura. Mai buga gem ko mai yanka bidiyon TikTok shi zai gane kurensa. Masu son rediyo su lura da wani abu: a yawancin wayoyi, igiyar iyafis da ake jonawa ce eriyar FM, in babu ita Freedom ko Rediyon Kano ba za su kama ba sai ta intanet, da cin data. Wasu masu arahar na zuwa da nasu FM da ramin memori a jiki, abin da ya sa suke da kasuwa duk da sautinsu bai taka kara ya karya ba.

Batir dai nan ne wannan nau'in ya yi zarra. Sony WH-CH520 da Beats Solo 4 kowanne kamfaninsa ya ce yana kai awa 50, JBL Tune 510BT kuma 40, wanda a yanayin wutarmu ba ƙaramin abu ba ne. Zafi ke kashe irin wannan batir, kada a bar shi a mota a rana. A duba kuma ko akwai ramin sa waya. Beats ɗin na da shi, wancan Sony da JBL ɗin ba su da shi, ranar da batirinsu ya mutu kwata-kwata sai dai a kai wa mai gyara ko a haƙura.

In za ka saya, je da hularka da tabaranka, ke ma da irin hijabin da kika saba sawa. Kada ka yarda a gwada maka da wayar mai shago, domin waƙar da ke ciki an zaɓe ta ne don ta burge. Haɗa da taka wayar, sa karatun da ka haddace muryar mai yinsa, sannan waƙar da ka sani ciki da bai, a matsakaiciyar ƙara. Yayin da take tafiya ka ɗan danna kofunan biyu da yatsa. In bes ya ƙaru sosai da dannawar, kushin bai zauna a kunnenka ba, kuma haka zai ci gaba da zama. Juya kai, sunkuya, motsa muƙamuƙi kamar mai tauna, ka ji ko yana zamewa. Sunan kamfani a kwali ba shaida ba ne, jabu sun cika kasuwa. In nau'in na da manhajar kamfani, sauke ta ka ga ko za ta gane shi. Ka bar shi a kai muddin ana ciniki, gwargwadon yadda mai shago zai jure. Tunda kuwa zafin matsi sai an daɗe yake bayyana, ku yi magana tun kafin kuɗi su bar hannunka: “Alhaji, in ya matse ni zan dawo da shi gobe da kwalinsa in canza wani.” In ya amince, a rubuta a rasit.